Kundin aikin jagorar iyaye kan dajin ƙoda na yara

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zaman farko a falon gidana da ke Tudun Wada a Zariya, mu huɗu: ni da na yi ritaya daga aikin jinya bayan shekaru masu yawa a ɗakin yara, da wani matashin likitan yara da ya yarda ya riƙa duba duk abin da muka rubuta, da wani malamin Hausa na sakandare, da kuma wata uwa wadda ɗanta ya warke daga wannan ciwo shekaru shida da suka wuce. Abin da muka ƙudurta shi ne mu samar da ɗan littafi da boko da ajami, tare da saƙonnin murya da za a iya turawa ta WhatsApp, domin iyayen da aka ce musu ɗansu yana da dajin ƙoda, musamman waɗanda ake turowa asibitin koyarwa na Shika daga ƙauyukan Giwa da Soba da Ikara, har da Funtuwa. Zan riƙa rubuta abin da muka yi a wannan kundi domin kada a manta dalilin kowace shawara da muka yanke.

Likita ya fara da bayanin ciwon. Sunansa a asibiti nefroblastoma, amma an fi saninsa da sunan Max Wilms, wani likitan tiyata Bajamushe da ya yi rubutu a kansa a 1899. Cikin kowane ƙari goma na daji da ake samu a ƙodar yara, kusan tara wannan ne. Yawanci yana bayyana kafin yaro ya cika shekara biyar, ya fi kuma yawa a wajen shekara uku zuwa huɗu. Asalinsa wasu ƙwayoyin halitta ne da ya kamata su zama ƙoda tun yaro yana ciki, sai suka tsaya ba su nuna ba, daga baya suka shiga hayayyafa babu tsari. Na roƙi a sa wannan a shafin farko, domin na sha ganin uwa tana kuka a bayan ɗaki tana lissafin abin da ta ci da ciki ko abin da ta ba yaro, ga dangin miji suna kallonta. Ciwon ba ya zuwa ta abinci, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba sakacin kowa ba ne.

Mun ɗauki fiye da awa guda a kan kalma ɗaya. Malam yana ganin mu tsaya a kan “ƙari”, don kalmar “daji” tana sa mutum ya yanke ƙauna tun kafin ya ji sauran magana. Mahaifiyar yaron da ya warke ta ce masa, “Malam, ni a bakin mai jinyar gadon kusa da mu na fara jin sunan, kuma a daren na so in goya ɗana in gudu, saboda tun ina yarinya nake jin ana cewa daji ba ya son allura.” Wannan magana ita ta raba gardamar. Za mu fara da ƙari, mu ambaci daji a shafin nan ɗaya, sannan mu fuskanci zancen allura kai tsaye, mu ce wannan dajin allura ce maganinsa.

Asabar, 25 ga Janairu

Shafin alamomi ya kammala. Alama mafi yawa ita ce ƙullutu mai tauri da santsi a gefe ɗaya na ciki, wanda sau da yawa ba ya ciwo, yaro yana wasansa yana cin abincinsa. Mai gano shi kusan kullum ita ce mai yi wa yaro wanka, uwa ko kaka ko yaya, lokacin da hannu ya bi ta kwiɓi da sabulu, ko kuma a ga wandon da aka ɗinka da sallah ya daina shiga. Wasu yaran suna zuwa da fitsarin jini, ko zazzaɓi, ko ciwon ciki, wasu kuma a auna su a tarar da hawan jini, abin da ba a saba nema ga ɗan shekara uku ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kan abubuwan da ake rikita ciwon da su a ƙasarmu, domin a nan watanni suke salwanta. Ƙullutu a hagu, kowa zai ce saifa ce, kuma da dalili, tunda zazzaɓin cizon sauro da sikila suna kumbura saifar yara da yawa. Fitsarin jini kuwa sunansa tsargiya a bakin kowa, har ana ganin abu ne da yaro kan yi ya wuce. Haka za a yi ta jiƙe-jiƙe da sayen magani a kemis, wani lokaci a kai wa wanzami ya yi tsaga a kan kumburin, kafin a tuna da asibiti. Ban rubuta wannan da zargi ba. Mutum yana neman magani ne a inda ya sani. Abin da muka sa a littafin shi ne, duk ƙullutun da aka ji a cikin yaro a kai shi a yi masa sikanin a cikin makon, ko da yaron yana dariya, kuma kada a matsa wurin, kada a yi tausa, kada a yi sakiya. Ƙarin yana cikin wata ’yar jaka ce mai laushi, idan ta fashe ƙwayoyin sukan bazu cikin ciki, magani ya ƙara tsawo da wahala. Ko ɗaliban likita akan hana su yawan taɓa irin wannan ciki.

Likita ya so a ƙara sakin layi kan yaran da aka haifa da wata alama da ke ƙara musu haɗarin ciwon, kamar wanda ɓari ɗaya na jikinsa ya fi ɗaya girma, ko wanda aka haifa babu zoben da ke kewaye da ƙwayar ido, ko mai babban harshe da matsalar cibiya. Irin waɗannan akan yi musu sikanin duk wata uku har su kai shekara bakwai ko takwas. Mun sa shi a ƙarshen littafin da ƙananan haruffa, domin kaɗan ne abin ya shafa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Da izinin iyayenta, mun fara bin wata yarinya ’yar shekara uku da rabi daga wani ƙauye a yankin Soba, domin mu gwada shafukanmu a kan tafiya ta gaskiya. Kakarta ce ta ji ƙullutun tun kafin a gama girbin dawa. Akwai tabon tsaga shida a kwiɓinta na hagu.

Na zauna da uwar yayin da ake gwaje-gwaje, ina karanta mata abin da muka rubuta ina duban fuskarta. Sikanin shi ne matakin farko, yana nuna ko ƙullutun daga ƙoda ya fito, ko tsoka ne ko ruwa, ko ɗaya ƙodar lafiya take, da kuma ko ƙarin ya miƙa reshe cikin babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Duba ɗaya ƙodar wajibi ne, domin a cikin yara ashirin akan sami kamar ɗaya da ciwon ya kama masa duka biyun, kuma tsarin maganinsa daban ne. Sai hoton ƙirji, saboda huhu ne wurin da wannan daji ya fi zuwa idan ya bar gida. Idan da hali a ƙara da siti sikan. Sai gwajin jini da na fitsari da awon hawan jini. Duk wannan yana taimakawa a bambanta shi da ƙodar da fitsari ya taru ya kumbura ta, da dajin Burkitt na ciki, da wani dajin jijiya da ke tsirowa a saman ƙoda, waɗanda kowannensu da maganinsa.

Uwar ta yi mini tambayar da ba mu tanada ba. Ta ce, “Mama, tunda sun ga abin a hoto, me ya hana su cire shi gobe mu tafi gida?” Na kai wa Likita tambayar da yamma. Ya ce hanyoyi biyu ne a duniya, kuma dukkansu suna warkarwa. A Amurka an fi fara cire ƙodar, sannan a bi da allurai. A Turai kuwa, bisa tsarin ƙungiyar likitocin dajin yara ta duniya, akan fara da allurai na mako huɗu domin ƙarin ya motse, jakarsa ta yi ƙwari, sannan a yi tiyata, idan kuma ya riga ya kai huhu sai a yi mako shida da magani uku. Hanya ta biyu ta fi dacewa da mu, domin yaranmu suna zuwa da ƙari babba, wani ya cika ciki har ya ƙetare cibiya, ga tamowa, kuma fiɗa a irin wannan hali ta fi haɗarin fashewa. Na mayar wa uwar da amsar da kalmomin da za ta riƙe: ana so a sassauta shi tukuna, yadda za a ɗauke shi dunƙule ba tare da ya zube ba. Ta gyaɗa kai. Wannan jimla ta shiga littafin kamar yadda na faɗe ta.

Huhun yarinyar lafiya lau, ƙodar dama ma haka. Za a fara allura ranar Laraba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau ce ranar tunawa da yara masu ciwon daji ta duniya, muka yi amfani da ita muka naɗi saƙonnin murya uku na farko da muryar mahaifiyar yaron da ya warke, domin muryarta ta fi tawa shiga zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ke son a kai ga warkar da aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu daji kafin 2030, kuma dajin ƙoda yana cikin guda shida da ta zaɓa ta fara da su, saboda yana da yawa kuma yana jin magani. A ƙasashe masu arziki, kusan tara cikin goma na masu wannan ciwo suna warkewa. Magungunan da suke amfani da su ba sababbi ba ne. Aktinomaisin D tun shekarun 1950 Sidney Farber ya gwada shi a kan wannan ƙari a Boston, binkiristin kuwa daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka samo shi, irin wanda ake shukawa don ado a harabar gidaje nan Zariya, kuma tun 1963 ake amfani da shi. Malam ya gargaɗe ni kada in sa zancen furen a littafin, don kada wani ya tsinko ya dafa wa yaro, alhali guba ne. Ya yi gaskiya, na cire.

Yarinyar ta karɓi allura biyu. Binkiristin duk mako, aktinomaisin a mako na ɗaya da na uku. Nauyinta bai kai kilo 12 ba, don haka aka rage mata adadin zuwa kashi biyu cikin uku kamar yadda tsari ya tanada. Nauyin ma yaudara ne, domin wani ɓangarensa na ƙarin ne, shi ya sa ake auna damtse da tef don a gane tamowa. Mun rubuta shafin abinci da abin da ke akwai a gida: kunun gyaɗa mai kauri, ƙwai, wake, awara, alale, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana.

Shafin illolin magani shi ne mafi tsawo zuwa yanzu. Binkiristin yana ɗaure ciki, yana sa ciwon muƙamuƙi, wani yaron ƙafarsa ta riƙa ja ko fatar idonsa ta sauko. Aktinomaisin yana sa amai, yana iya taɓa hanta. Gashin kai zai zube ya sake fitowa. Idan wurin da aka sa allura ya kumbura ko yaro ya yi ihun zafi ana cikin turawa, uwa ta yi magana nan take, domin maganin yana ƙona nama idan ya fita daga jijiya. Binkiristin sai a firji yake zama, wanda aka aika ya sayo a waje ya riƙe shi cikin kula da ƙanƙara. Amma abin da muka sa a cikin akwati da jan layi shi ne zazzaɓi. Sojojin jinin yaro sukan ragu a wannan lokaci, zafin jiki da ya kai digiri 38 yana nufin a taho asibiti ko da tsakar dare ne, ba a jira gari ya waye, ba a ba shi farasitamol a kwanta. Haka nan a nisanta shi da mai ƙyanda ko ƙarambau, kuma kada a yi masa wata rigakafi sai likitansa ya sani.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi yau, kuma na tashi da damuwa. Ranar Laraba da ta wuce ce allura ta huɗu, yarinyar ba ta zo ba. Wayar mahaifinta a kashe. A mako na uku da aka auna cikinta da tef ya ragu sosai, ta fara cin tuwo, tana gudu a baranda, uwar har ta riƙe hannuna tana sa mini albarka. Na yi murna tare da ita, kuma ban faɗa mata abin da na sani tun ina aiki ba, wato wannan makon na farin ciki shi ne makon da aka fi rasa yara.

Na sake karanta littafinmu daga farko da wannan ido. Shafi goma sha huɗu, kusan duka a kan yadda za a gane ciwo da yadda za a jure wahalar magani. Babu ko layi ɗaya da ke shirya iyaye ga ranar da yaro zai yi kamar ya warke. Mun rubuta wa mai tsoro, mun manta da mai murna, alhali kuwa mutumin da ya sayar da akuya biyu ya bar gida da ’ya’ya biyar, idan ya ga ciki ya saɓe yarinya tana wasa, hankali ne zai ce masa a koma gida, musamman da yake abin da ya rage a gabansa wuƙa ce. Na kira sauran, mun yarda a rushe tsarin littafin.

Asabar, 8 ga Maris

Mun same su ta hannun wani direban mota da ke jigila ranar kasuwa. Ni da Malam muka je ranar Alhamis. Mahaifin ya tarbe mu da mutunci, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya ce, “Hajiya, ba raini ba ne. Yarinya ta samu sauƙi, ga azumi, ga aljihu ya bushe. Kuma yayana ya ce ba a raba mutum da ƙodarsa ya yi tsawon rai.” Na ce masa, “Malam, Allah ya ba mu ƙoda biyu, ɗaya tana isar mutum har tsufa, ta wurin yarinyar nan ma da ta rage za ta ƙara girma ta ɗauki aikin biyu. Wadda za a cire ta riga ta zama gidan ciwo.” Na nuna masa hoton yaron abokiyar aikinmu a waya, da izininta, yana sanye da kayan makaranta.

Sai na yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa sauƙin da yake gani bai isa ba, na ce allura ta rage ƙarin ne kawai, akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani, har hoto ma ba ya gani. Ya yi shiru, can ya ce, “Wato kamar wuta-wuta ke nan a gonar dawa. Ka tuge ta ka ga gona fes, amma irinta kamar ƙura yake, yana nan cikin ƙasa yana jiran damina.” Na shekara talatin ina neman wannan misali ban samu ba. Malam ya rubuta shi nan take a bayan ambulan. Mahaifin ya ƙara da cewa manomin da ya yi noman firi ya ƙi komawa maimai, shi ya san abin da zai girba. Da bakinsa ya yanke hukunci, jiya Juma’a suka dawo.

Kuɗin mota dai ba misali ne zai biya shi ba. Likita ya ba mu labarin wani aikin haɗin gwiwa da asibitocin Malawi da Ghana da Kamaru da Habasha suka fara a 2014 kan wannan ciwo, inda suka bi tsarin magani ɗaya da aka daidaita da halin Afirka, suka kuma ɗauke wa iyaye kuɗin magani da na mota. Masu gudu daga magani suka ragu, yaran da ke kammalawa babu ciwo suka ƙaru daga kusan rabi zuwa kusan biyu bisa uku, ba tare da wani sabon magani ba. Mun buɗe ɗan asusu a tsakaninmu da wasu matan unguwa, na kuɗin mota kawai, domin shi ne abin da ƙarfinmu zai iya ɗauka har ƙarshe.

Asabar, 22 ga Maris

An yi tiyata ranar Talata, bayan an sake sikanin an cike allurar da aka tsallake. An cire ƙodar hagu da ƙarin a dunƙule, bai fashe ba. Likitan tiyata ya ɗebi kaluluwar da ke kusa domin a gwada, abin da Likita ya ce yana da muhimmanci ƙwarai, don idan ba a duba su ba ana iya ɗaukar ciwon a matakin da bai kai nasa ba, a ba da maganin da bai isa ba. Yarinyar ta fara shan ruwa, jiya ta zauna.

A makon nan kuma muka yi rashi. Wani yaro ɗan shekara biyar da aka kawo daga wajen Giwa a farkon wata, ciwon ya riga ya cika huhu biyu, numfashi da ƙyar, ya rasu daren Laraba kafin magani ya kama. Kusan shekara guda ana yi masa maganin saifa. Na je gaisuwa. Allah ya jiƙansa, ya ba iyayensa haƙuri. Mahaifiyarsa ta roƙe ni in tura mata saƙon murya na alamomi, ta ce za ta kunna wa matan gidansu da na maƙwabta.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah lafiya, sakamakon ɗakin gwaji kuma ya fito. Abu biyu ake nema a cikinsa, kuma sai da na sa Likita ya maimaita mini kafin na iya sa su a Hausa mai sauƙi. Na farko mataki. Mataki na ɗaya, ƙarin yana cikin ƙoda an cire shi duka. Na biyu, ya ɗan leƙa waje amma an cire shi duka. Na uku, wani abu ya saura a ciki, ko ya shiga kaluluwa, ko ya fashe. Na huɗu, ya bi jini ya tafi nesa kamar huhu ko hanta. Na biyar, ƙoda biyu ne. Abu na biyu shi ne halin ƙwayoyin a ƙarƙashin madubin likita, domin akwai masu taurin kai da ba sa jin magani biyun nan, sai an ƙara wasu kamar doksorubisin, mai jan launi da ke rina fitsari, wanda kuma ake lura da zuciya saboda shi. Masu mataki na uku galibi akan haɗa musu da gashi da na’ura a gefen da aka yi aiki, kuma ana so a fara shi ba da jimawa ba bayan tiyata.

Yarinyarmu tana mataki na biyu, ƙwayoyinta masu matsakaicin haɗari, ba ta buƙatar gashi. An tsara mata mako 27 na allura, ta fara ranar Laraba. Da aka faɗa wa uwar, sai ta dube ni ta ce, “Mama, ba an cire ba?” Kafin in buɗe baki mijinta ya ce mata, “Maimai ne.” A nan na tabbata littafin ya sami ƙashin bayansa.

Sabon tsarin ya fara ne da hoton hanya gaba ɗaya a shafi na biyu, tun kafin alamomi: gida huɗu na allura, sai tiyata, sai dogon layin gidaje bayanta. A kan gida na uku da kuma gidan da ke bin tiyata mun sa alamar ja, muka rubuta cewa a nan yaro zai yi kamar ya warke, a nan zuciya za ta ce a tafi gida, kuma a nan ne ba a tafiya. Ra’ayina shi ne a nuna wa iyaye wannan hoto a ranar farko, da uba da uwa da wanda ke da ta cewa a gidan, ko kaka ne ko wan uba, domin wanda bai zo asibiti ba sau da yawa shi ne mai yanke shawarar a daina zuwa.

Asabar, 3 ga Mayu

Malam ya gama kwafin ajami, wani alaramma a cikin birni ya duba masa rubutun. Mun gwada katin alƙawari a kan iyaye mata bakwai, biyar daga cikinsu ba sa karanta boko. Kwanan wata bai yi musu amfani ba, sai muka koma ga ranar mako da gidajen da ma’aikaciyar jinya za ta riƙa dangwala wa tawada. Matsala ɗaya ta fito. Bayan mako takwas na farko da ake zuwa a jere, akwai hutun mako biyu, daga nan kuma a riƙa zuwa mako biyu a huta ɗaya, kuma uku daga cikin matan sun ɗauki gidan da babu komai a matsayin an sallame su. Yanzu gidajen hutu ma mun zana su, da hoton tabarma a ciki, kuma kibiya tana wucewa ta kansu zuwa gaba.

Yarinyar ta yi zazzaɓi a mako na huɗu. Uban ya auna da ma’aunin da muka ba su, ya ga ya wuce jan layi, ya ɗauko ta a babur da daddare zuwa bakin titi. Zazzaɓin cizon sauro ne, ta kwana uku aka sallame ta, allurar makon ta ɗan jinkirta.

Asabar, 14 ga Yuni

Ruwa ya zauna, kowa yana gona, kuma wannan shi ne gwajin da nake tsoro tun Afrilu, domin hutun mako biyu ya faɗo daidai da shuka da babbar sallah. Na kira ranar Litinin na tuna musu. Ranar Laraba kakar ce ta kawo ta, uban yana huɗa, ta miƙa katin tun daga ƙofa tana cewa, “’Yar nan, ga mu mun zo a dangwala mana.” Ita ce wadda ta kai yarinyar wurin wanzami a bara, yau kuma ita ce mai ƙirga gidaje.

Mun rubuta shafi na ƙarshe, na rayuwa da ƙoda ɗaya. Yaro zai yi makaranta, ya yi wasa, ya yi aure in Allah ya so. A riƙa ba shi ruwa isasshe, musamman da bazara, a riƙa auna masa hawan jini da fitsari, kuma kada a saya masa magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak ko a ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, domin ƙodar da ta rage ba ta da mataimakiya. Idan ciwon zai dawo, ya fi dawowa a cikin shekara biyu na farko, sau da yawa a huhu, shi ya sa ake ci gaba da hoton ƙirji da sikanin lokaci-lokaci bayan an gama allura. Wannan ma sai da muka zana masa nasa gidajen a bayan katin.

Asabar, 5 ga Yuli

Likita ya dawo da kwafin da gyara tara, mafi girmansu a kan tsawon magani bayan tiyata. Ya ce kada mu buga mako 27 kamar na kowa ne, domin wani mako huɗu zai yi, wani fiye da talatin, kuma likitoci kan daidaita tsarin da halin yaro. Saboda haka za a buga katin da gidaje babu lamba, ma’aikaciyar jinya ta cike wa kowane yaro nasa. Mun kai wa mai ɗab’i a Sabon Gari ya yi mana kwafi hamsin na gwaji, zai ba mu ranar Alhamis. Saƙonnin murya sun kai takwas, saura na gashi da na’ura, wanda nake so a naɗa da muryar iyayen da ɗansu ya bi ta wannan hanya, kuma har yanzu muna neman waɗanda za su yarda.

Yarinyar tana tsakiyar tafiyarta, nauyinta ya haura kilo 13, ƙafarta ta dama tana ɗan ja, Likita ya ce za a duba adadin binkiristin kafin allura ta gaba. Idan babu wani jinkiri za ta gama a cikin Oktoba. Asusun mota zai kai mu ƙarshen Agusta, don haka ranar Juma’a zan zauna da matan unguwa kan na Satumba. An kuma kawo sabon yaro daga Ikara jiya, ɗan shekara biyu, ƙari a dama. Na nemi a kira wan mahaifinsa ya zo ranar Litinin, tare za mu nuna musu shafi na biyu.